Darasin Haɗa Akwati

Shafi na 14

Masu aiko mini da "a ci gaba, a ci gaba" tun gari bai waye ba, na gan ku. Hannu biyu gare ni, ɗayan ma sanyin ƙashi ya kama shi. Ke kuma da kika rubuto cewa na cika zafi da matar ɗana, ba zan yi musu da ke ba, karanta na yau tukuna. Sai da na rubuta na goge, na sake rubutawa na sake gogewa, don ba ranar da nake son tunawa ba ce.

*

Laraba ce, ranar Oma, wato kaka, haka jikoki ke kiranmu a yarenmu. Tun Alba na rarrafe Laraba tawa ce, ba ta uwarta ba, ba ta kowa ba. Makaranta na tashi da rana tsaka, in je in ɗauko jikata, in ba ta burodi mai barbaɗen cakulan, mu jira uwarta Nerea ta dawo daga aiki. Tun da ɗana Joris ya rasu bara muka ƙara abu ɗaya a kai. Nerea na koya mini Sifaniyanci a teburin kicin ɗinta, saboda ta ce in an yi dogon hutu za mu je garinsu Zamora mu uku, mu sha iska mu dawo.

Mu dawo. Da bakinta ta faɗa.

Na jingina kekena a bakin makaranta ke nan yara suka fara ɓullowa, kowanne da ɗan kek a hannu cikin takarda mai ninki, irin wanda Nerea ke gasawa da ɓawon lemun tsami. Ko ido a rufe na san ƙamshin kek ɗin nan.

Can sai ga Alba a ƙarshe, rungume da babban faranti, ba komai a ciki sai ɓurɓushi. Tana hango ni ta tsaya cak.

Yaro ba ya rabon kek a aji sai da ɗayan dalili biyu, ko ranar haihuwarsa ta zagayo, ko zai bar makarantar. Alba kuwa 'yar Nuwamba ce. Ina nan aka haife ta, ni na fara sa mata hula.

Malamarsu Marloes ta taho da fara'arta.

"Oma Aleida! Ai da jiya za a yi, sai wasannin tsere suka cinye ranar, muka mayar da shi yau. Kin ga ma ya yi daidai, ga ki."

"Ya yi daidai da me?"

"Rabon mana. Ta hau kujera, muka yi mata waƙa, har ni sai da na share hawaye."

"Malama, yarinyar nan a Nuwamba aka haife ta."

"Na sani."

"To rabon me ta yi a Yuli?"

Fara'ar ta fara zamewa daga fuskarta. Ta dube ni, ta dubi Alba, kunnuwanta suka yi ja.

"Ba a faɗa miki ba?"

"Da an faɗa mini zan tsaya ina tambayarki?"

Mu mutanen nan ba mu iya kwana-kwana ba, ita ma ba ta yi ba.

"Na bankwana ne. Mahaifiyarta ta cire ta. Bayan hutu a Sifaniya za ta ci gaba da karatu."

Na ce, "Na gode."

Iyakar abin da na ce ke nan. Na karɓi farantin na ɗaure a bayan kekena, igiyar robar ta suɓuce ta tsula mini a yatsa.

Muka kama hanya. Alba na tuƙa nata ƙaramin keken a gefena, tafina a bayan wuyanta kamar kullum, ina tura ta in mun zo hawan gada. Wuyan nan da ɗumi, 'yan gashi sun manne da gumi. Tun daga makaranta har bakin kogi ba ta ce uffan ba, yarinyar da sai na roƙe ta take rufe baki ta haɗiye abinci.

"Oma."

"Na'am."

"Na ɓoye miki ɗaya a aljihuna. Ya ɗan matse."

"Ki dubi hanya."

"Oma, ba ni na faɗa ba, ko? Malama ce."

Nan abin ya soke ni. Wato an ɗora wa 'yar shekara bakwai sirri, tana ɗauke da shi tana zama a gabana kowace Laraba.

"Ba ke ba ce. Ki dubi hanya na ce, ga mota."

A gidansu ta zaro kek ɗin, ya zama kamar an taka shi. Na cinye a tsaye tana kallona, har ɓurɓushin. Ita ko rabin burodinta ba ta ci ba.

*

Nerea ta shigo da yamma, jaka a kafaɗa, ta yar da takalma a bakin ƙofa yadda ta saba, ɗaya gabas ɗaya yamma. Ta rame. Na daɗe da ganin ta rame, na ce ba hurumina ba ne.

"Ɗalibata! An yi aikin gida?"

"An yi."

"Ina Alba?"

"Tana sama. Na ce ta yi zane, kada ta sauko sai na kira ta."

Farantin na gefen wurin wanke-wanke, na wanke shi na kife. Ta wuce ta gabansa, ta sake wucewa, ba ta lura ba.

Ni da ba na iya riƙe magana a baki, ranar na riƙe. Na ce bari in ba ta dama ta faɗa da kanta. In ta faɗa, ko mene ne zan yi ƙoƙari in haɗiye.

Ta haɗa kofi, ta ajiye mini biskit a gefe, ɗaya tak, tana ƙunshe dariya. Tsokana ce, tun zuwanta ƙasar nan take yi mana shaƙiyanci, wai mu biskit ɗaya muke ba baƙo. Sannan ta janyo akwati daga ƙarƙashin matakala ta ɗora a kujera. Haka take koyarwa. Ba ta yarda da littafi ba, sai ka taɓa abu ka kira sunansa.

"Yau shirin tafiya za mu yi. Wannan fa?"

"La maleta."

"Madalla. Me za ki zuba a ciki? Fara da voy a llevar, zan tafi da."

"Voy a llevar magani."

"Da Sifaniyanci, Aleida! Ba a rabi da rabi."

"Las pastillas. Las gafas." Na taɓa tabarauna. "El paraguas."

Ta kwashe da dariya. "Laima? A Zamora, a watan Agusta? Za su ɗauka kin taɓu. Can ruwa ba ya zuwa sai an roƙe shi."

"Ni da laimata muke tafiya."

"To ki kai ta ta ga rana, baiwar Allah ta sha wuya. Fasfo fa?"

"Yana jaka tun watan jiya."

"Ai na sani, ku da shiri! ¿Has hecho la maleta? Kin haɗa akwatin?"

"Todavía no. Tukuna dai."

"Iye! Yau bakin ya buɗe. Mamata za ta ce a ɓoye kika yi shekaru a can."

"Ke fa?" na tambaye ta da yarenmu. "Kin haɗa naki?"

"Da saura." Ta kau da ido. "Kin san ni, sai ana gobe."

"Akwati ɗaya zai ishe ku?"

"Me zai hana? Kayan zafi ne, ba nauyi."

Na kurɓi kofi. Dama ta wuce ta, ba ta ɗauka ba.

Ta ja kujerarta ta koma ɗaya gefen tebur, ta gyara murya, ta ɗaure fuska irin ta ma'aikatan tasha.

"Ni ce mai sayar da tikiti, na gaji, yunwa nake ji, kuma ba na son baƙi. Mai bi!"

"Un billete para Zamora, por favor."

"¿Ida, o ida y vuelta?" Ta miƙa yatsa gaba. "Ida, zuwa." Ta dawo da shi ƙirjinta. "Vuelta, dawowa."

"Ida y vuelta."

"Kin ci! Ga tikiti, har da kujerar taga na ba ki."

"Mu yi musanya," na ce. "Ni ce mai sayarwa."

"Tofa! Ɗaliba ta ƙoshi. Ga fili." Ta ɗora gwiwar hannu a tebur, ta langaɓe kai. "Dos billetes para Zamora. Guda biyu, babba da yarinya."

Na cire tabarauna na ajiye. Na dube ta sosai. A hankali na faɗa, kalma bayan kalma, don kada ta ce ba ta gane lafazina ba.

"¿Ida, o ida y vuelta?"

Ta buɗe baki da dariyar a kai. Dariyar ta tsaya. Idonta ya bar fuskata, ya bi ta bayana, ya sauka a kan farantin da ke kife.

"Ina jiran amsa, baiwar Allah. Akwai layi a bayanki."

"Aleida…"

"Ba ki iya ba ne? Ke kika koya mini yanzun nan."

"Jiya aka ce za a yi rabon."

"An ɗaga. Yau aka yi, ranar Oma."

"Alba ba ta faɗa mini ba."

"Ta ƙware a yin shiru. Kin koya mata."

Ta dafe fuska da hannu biyu.

"Ida," ta ce ta cikin yatsunta. "Zuwa kawai."

Daga nan ba wanda ya sake taɓa Sifaniyanci.

"Yaushe kika yi niyyar faɗa mini? A filin jirgi? Ko sai na fito da akwatin dawowa in ga ni kaɗai ce a bakin ƙofa?"

"A can. Na so ki ga gidan tukuna, ki ga makarantar, ki ga mamata da yayyena da 'ya'yansu. Na ce in kin ga inda za ta zauna zai zo miki da sauƙi."

"Wato rakiya zan yi. Wata da watanni kina zaunar da ni ina murɗa harshe, la maleta, la maleta, kamar aku. Na manna takardu a jikin firji, a jikin ƙofa, har a madubin banɗaki. Ashe kayan jikata nake koyon haɗawa."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne? Malamar makaranta ta sani. Aji guda sun sani, har sun ci kek a kai. Ni ce saniyar ware."

"Na kasa ne, Aleida. Kowace Laraba sai in ce yau, in shigo in gan ki da littafinki kin feƙe fensir, sai in kasa."

"Kuma kika sa yarinya ta yi mini ƙarya."

"Ban ce ta yi ƙarya ba, cewa na yi ta yi shiru."

"A gidanmu duk ɗaya ne."

"A gidanku!" Ta sauke hannu, idonta jawur. "Komai a gidanku, a ƙasarku, a tsarinku. Shekara goma ina jin yadda ake yi a gidanku."

"Kada ki ɗaga murya, yarinya na sama."

"Kin gani? Ko yanzu murya ce damuwarki."

Sai na faɗa mata abin da ke raina, ban rage komai ba.

"Ɗa ɗaya na haifa, Nerea. Ɗaya. Ya fita aiki da safe a kan kekensa, zuciya ta tsaya masa a hanya, ko sallama ba mu yi ba. Abin da ya bar mini a duniya shi ne yarinyar da ke sama. Goshinsa ne, tafiyarsa ce, har yadda take cije harshe in tana rubutu. Ita za ki ɗauke?"

"Ni ma ita ya bar mini."

"Ke kina da uwa, kina da dangi cike da gari. Ni wa gare ni? Evert?"

Mijina Evert ya daɗe a gidan kula da tsofaffi. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta tafi, kuma ba ya cin abin kirki sai cokalin na hannuna. Tafiyar hutun nan ma da ƙyar ƙanwarsa ta yarda ta riƙe mini cokalin na 'yan makonni. Nerea ta san wannan sarai. Ta san ko an buɗe mini ƙofar Zamora, ni ba inda za ni.

"Shi ya sa ya yi mini nauyi," ta ce.

"Me muka yi miki? Faɗa mini. Ga gida, ga aiki, ga makaranta mai kyau. Me kika rasa a nan?"

"Mutum."

"Me kika ce?"

"Mutum na rasa, Aleida." Ta share hanci da bayan hannu. "Ranar da aka binne Joris, kin tuna? Aka ba kowa kofi da yankan kek. Aka yi layi ana gaisawa da ni, hannu, hannu, hannu. Kafin yamma kowa ya hau kekensa. Na dawo gidan nan ni da Alba, shiru kamar ba a yi mutuwa ba. A garinmu da gidan bai ɗauki mutane ba. Wata ta karɓe tukunya, wata ta kwana a ƙasa kusa da gadona, wata ta yi ta zagina har in ci abinci."

"Barinki muka yi ki huta. Ba a cika wa mai makoki gida."

"Wa ya ce hutu nake so? Ihu na so in yi, wani ya riƙe ni. Ke ko hawaye ban gani a idonki ba."

"Don ba ki gani ba sai aka ce babu?"

"Na kira ki wata Asabar cikin hunturu. Na ce, Aleida, ko za ki zo? Kika ce bari ki duba tsarin makonki. Kika ce Talata da yamma kina da sarari."

Na tuna, wallahi na tuna. Muryarta lafiya lau na ji ta, na ɗauka kofi take so mu sha.

"Da kin ce mini kuka kike yi, da ko takalmi ban tsaya sawa ba."

"Sai na ce? Mijina ya mutu, na kira uwarsa, sai na yi bayani?"

"Eh, sai kin yi! Ni ba boka ba ce. A nan in kana son abu faɗa kake yi."

"A can in ka ga mutum a haka zuwa kake yi."

Raina ya ɓaci, don ta mayar da ni dutse, alhali ni na san inda nake tsayawa kowace yamma.

"To bari ki ji. Tun da aka binne shi ba yammar da ban biyo ta layin nan ba in na taso daga wurin Evert. Ba hanyata ba ce, zagaye ne. In tsaya a gindin bishiyar can, ƙafa ɗaya a ƙasa, in ga fitilar kicin ɗinki, in ga kan Alba a tebur. Sannan in juya."

"Me ya hana ki ƙwanƙwasawa?"

"Ban sanar ba. Ba a faɗo wa mutum gida lokacin cin abinci."

Ta yi wata irin dariya mai ciwo.

"Na gan ki."

"Kin gan ni?"

"Kullum. Ai ba labule a tagar, ke kika ce a nan ba a sawa, wai mai labule yana da abin ɓoyewa. Ina ganinki da jar rigar ruwanki. Na ɗauka dubawa kike ko na goge gilashi, ko na ba yarinya abinci a kan lokaci."

"Haba, Nerea!"

"Ni kuma ina tsaye a nan da ludayi a hannu, ina cewa a raina, ki shigo, don Allah ki shigo. Ko faɗa ne ki shigo ki yi mini."

Kofi ya huce a gabanmu. Hunturu guda, ni a waje ita a ciki, kowa na jiran ɗaya. Abin ya ba ni haushi, ya ba ni tausayi, na rasa wanda zan fara ji.

Sai ga hawaye. Ni Aleida, a kicin ɗin mutane! Na goge, suka ƙi tsayawa. Ta miƙo hannu ta kan tebur, na janye nawa, don na san in ta taɓa ni maganar ta ƙare, ni kuwa ban gama ba.

"To yanzu kin ji, ni ma na ji. Zan riƙa shigowa. Kullum in kina so, ba sanarwa, in zauna miki a ka har ki gaji da ni. Zan zage ki ki ci abinci, wannan ai na iya. Ki fasa."

"Aleida."

"Ki fasa na ce. Ban taɓa roƙon kowa ba, ga shi ina roƙonki."

"Na ajiye aiki. Gidan nan ma an ba wasu, ƙarshen Agusta za su shigo." Ta sunkuyar da kai. "Da a hunturu kika faɗi wannan."

"Aiki ana sake nema. Gida kuwa ga nawa, ɗakin Joris na nan yadda ya bar shi."

"In kwana a ɗakinsa? So kike in ƙarasa mutuwa?"

"Yarinyar fa? A nan aka haife ta, a nan ƙawayenta suke, a nan kabarin ubanta yake. Kin tambaye ta?"

"Kada ki sa ta a ciki."

"Ke kika fara sa ta."

Na miƙe na je gindin matakala. Ba sai na ɗaga murya ba. Tana zaune a matakin sama, ta rungume gwiwoyinta, fensirin zane a hannu. Allah kaɗai ya san tun yaushe take wurin.

"Sauko, 'yar lele."

Ta sauko a hankali tana riƙe da ƙarfen matakala. Nerea ta taso ta tsaya a ƙofar kicin. Na durƙusa duk da gwiwata, don ido da ido nake son mu yi.

"Tambaya ɗaya zan yi miki. Kin san ni, gaskiya nake so ko ba daɗi. Kina son komawa Zamora da zama?"

Na riga na san amsar, ko kuwa na ɗauka na sani. Yarinyar da ke kuka in mura ta hana ni zuwa ranar Laraba.

Ta dubi uwarta, ta dube ni.

"Eh."

"Eh?"

"A can Mama tana dariya da ƙarfi. Tana waƙa a mota. A nan sai ta shiga ɗakin ajiye kekuna ta rufe ƙofa, ta zauna kusa da keken Papa. Ta ɗauka ba na ji."

Nerea ta toshe baki da hannu.

"Ƙawayenki fa? Fenna fa?"

"Mun yi kuka ɗazu. Amma ta ce za ta zo hutu."

Ban so in yi tambayar ba, ita ta fito da kanta.

"Ni fa, Alba?"

Ta yi mini kallon da yara ke yi wa babba in ya yi tambayar shirme.

"Ke ai tare za mu zauna. Mama ta ce shi ya sa kike koyon Sifaniyanci. Ɗakinki na kusa da nawa, mai taga ta wajen kogi. Opa Evert kuma in ya warke za a kawo shi a motar asibiti."

Na ɗago kai. Nerea na tsaye a bayanta, ta haɗa tafukan hannu a ƙirji, hawaye na zuba, leɓenta na motsi ba sauti. Roƙona take yi.

Wato da wannan ta shawo kan yarinyar. Da ni.

Ban taɓa yi wa Alba ƙarya ba. Ranar da ubanta ya rasu ni na faɗa mata, don uwarta ta kasa. Ban ce ya yi tafiya ba, ban ce barci yake yi ba. Ta san in Oma ta ce abu, haka yake.

"Alba…"

"Mama ta ce ke za ki faɗa mini da kanki in kin shirya." Ta matso ta kama hannun rigata. Ta fara karanta fuskata. "Oma, me ya sa idonki ya yi ja? Za ki zauna da mu, ko?"

A bayanta uwarta na gyaɗa mini kai, tana gyaɗawa, tana gyaɗawa.

"Oma." Ta jijjiga hannuna. "Ki ce eh mana."